Kazar Majigi Da Idon Mai Kallo



An nemi in yi magana a kan tushen sana'o'i uku: shirya fim, da tsara zane da rubutu a kan takarda, da kuma tsara shafin intanet. Kowace ɗaya daga cikinsu akan yi shekaru ana koyonta, ni kuwa sa'a guda aka ba ni. Saboda haka zan kama igiyar da ta ɗaure su duka ukun, in ja ta iyakar inda lokaci ya bari. Igiyar kuwa ita ce: idon ɗan Adam ba ya ɗaukar kome da kome a lokaci guda. Wuri ɗaya yake sauka, ya ɗan tsaya, sa'an nan ya matsa. Mai fim, da mai zane, da mai tsara shafi, duk aikinsu shi ne su san inda idon zai fara sauka, su kuma share masa hanyar da zai bi daga nan.

Bari in fara da majigi. A zamanin mulkin Turawa mota ce takan shigo gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, in duhu ya yi a ta da inji, a nuna wa jama'a fim a kan tsabta ko noma, tafinta yana bayani da lasifika. Wasunku sun ji labarin Baban Larai a bakin kakanninsu. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashe na musamman domin shirya irin waɗannan finafinai saboda ƙasashen da take mulka, ta ɗora William Sellers a kansa, wanda a dā jami'in tsabta ne a Ikko.

Akwai wani labari da Turawan wannan aiki suka daɗe suna bayarwa, har ya shiga littattafai. An shirya fim ne a kan yaƙi da sauro, ana nuna wani mutum yana bin gwangwanaye da kasake yana zubar da ruwan da ya kwanta a ciki, a hankali ƙwarai, wai don kowa ya gane. Da aka gama nunawa aka tambayi 'yan kallo abin da suka gani, sai suka ce sun ga kaza. Masu fim ɗin ba su ma san da wata kaza ba. Sai da suka koma suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan suka tarar lalle akwai wata kaza da ta gilma ta can gefe, na ɗan lokaci kaɗan. Hukuncin da suka yanke shi ne, wai baƙar fata bai iya kallon hoto ba. A kan irin wannan tunani aka gina dokokin majigi: a yi kome sannu-sannu, kada kyamara ta cika motsi, kada a cika yanka.

Ni a ganina 'yan kallon nan sun fi masu fim ɗin sanin fim. Ido, na kowace irin fata, motsi yake bi. In ka sa mutum yana tafiyar hawainiya minti biyar a tsakiyar allo, sa'an nan wani abu mai rai ya yi firgigit a gefe, to, ko a birnin Landan ka nuna shi kazar za a gani. Wanda ya bar ta ta shiga hoton bai sani ba, shi ya kamata a tuhuma. Na kawo labarin ne domin da yawa daga cikinku gobe za ku zauna a kujerar Sellers. Za a ba ku aikin sanar da jama'a batun rigakafi, ko rajistar zaɓe, ko neman tallafin karatu. In saƙon bai isa ba, abu mafi sauƙi shi ne a ce jama'a jahilai ne, a rufe fayil.

To, mu shiga fim ɗin kansa. A ranar 28 ga Disamba 1895 wasu 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna finafinansu ga 'yan kallo masu biyan kuɗi a birnin Faris na ƙasar Faransa. Kowane fim bai kai minti guda ba. Sukan kafa kyamara wuri ɗaya, a juya ta har zaren fim ɗin ya ƙare: ga ma'aikata suna fitowa daga masana'anta, shi ke nan. Abin da muke kira motsi a allo kuwa hotuna ne tsayayyu, ana jero su da sauri. Tun da sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920 aka tsaya a kan hotuna 24 a kowace daƙiƙa, talabijin irin tamu kuma 25.

Darasi na farko yana nan tun a wurin su Lumière. Kyamara taga ce mai kusurwa huɗu, duk abin da yake wajen tagar babu shi a wurin mai kallo. Ka ɗauki taron siyasa daga gaba, ka matso, mutum ɗari biyu su cika allo kamar an yi dafifi. Ka hau bene ka ɗauka daga nesa, sai a ga 'yan tsiraru a tsakiyar fili fetal. Duka biyun babu wanda ya ƙara mutum ko ya rage, amma labarinsu ya sha bamban. Saboda haka kafin ka danna, tambaya biyu ce a gabanka: me zan sa a ciki, me kuma zan bari a waje?

Daga nan sai nisan ɗauka. Ɗaukar nesa takan gaya wa mai kallo inda ake: kasuwa ce, ko tsakar gida, ko asibiti. Ɗaukar tsaka-tsaki, daga ƙugu zuwa sama, ita ce ta hira da mu'amala. Ɗaukar kusa kuwa, fuska kaɗai ko hannu kaɗai, ita ke nuna abin da ke cikin zuciya, don haka tsada gare ta, ba a ɓarnatar da ita. In tun daga farkon fitowa ka cika allo da fuskar jaruma, me za ka yi sa'ad da aka gaya mata rasuwar? Haka nan tsayin kyamara. In ta kalli mutum daga ƙasa sai ya yi kwarjini, in daga sama ne sai ya ƙanƙance. Akwai wani darakta na ƙasar Japan, Yasujiro Ozu, wanda ya yi Tokyo Story a 1953. Mutanensa a ƙasa suke zama bisa tabarma, saboda haka shi ma ya sauko da kyamararsa kusa da ƙasa. Ina so masu ɗaukar hotonmu su yi tunani a kan wannan. Sau nawa kuka ga an ɗauki dattijo yana zaune a buzu, mai kyamara yana tsaye a kansa, ya mai da shi kamar wanda ake yi wa shari'a?

Akwai kuma wata ƙa'ida da sabon shiga ya fi karyawa. In mutum biyu suna fuskantar juna suna magana, ka ƙaddara an ja layi a ƙasa daga ɗaya zuwa ɗayan. Ka zaɓi gefe guda na layin, ka yi dukan ɗaukarka daga nan. Ta haka wanda ke duban dama zai ci gaba da duban dama, abokinsa kuma hagu. In ka tsallaka layin ba tare da ka nuna tsallakawar ba, sai a ga su biyun suna duban wuri ɗaya, kamar kowa yana magana da ƙeyar ɗan'uwansa. Dalilin da ya sa ke nan manyan kyamarorin wasan ƙwallo suke gefe ɗaya na fili. Da za a riƙa sauya gefe, da ba wanda zai san ragar da ake kai wa hari.

Haske da sauti zan taɓa su a gurguje, ko da yake a nan ne aka fi yin asara. Ranar tsaka maƙiyiyar fuska ce, takan zuba inuwa a kwarmin ido. Da hantsi ko da la'asar sakaliya, ko a inuwar bishiya, hoto ya fi kyau. Matsalarmu ta musamman ita ce baƙar fuska a cikin farar babbar riga. In ka bar kyamara ta auna haske da kanta, sau da yawa rigar za ta bi, fuskar ta dushe. Fuskar za ka auna. Ba yau abin ya fara ba, gama shekaru da yawa katin da kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto domin daidaita launi, hoton Baturiya ne a jiki. Game da sauti kuwa, mai kallo yakan yi haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma in ba ya jin magana sai ya tashi. A kusantar da makirufo ga bakin mai magana, a nisantar da janareta.

Yanzu ga inda ƙarfin fim yake, watau yanka da haɗawa, abin da 'yan fim ɗinmu suke kira tacewa. Wajen 1920 wani malamin fim a ƙasar Rasha, Lev Kuleshov, ya yi wani gwaji wanda almajirinsa Pudovkin ya ba da labarinsa. Sun ɗauki hoton fuskar wani shahararren ɗan wasa, Ivan Mozzhukhin, fuska shiru, ba fara'a ba ɓacin rai. Suka haɗa ta da hoton kwanon miya, suka sake haɗa ta da gawar mace a cikin akwati, suka kuma haɗa ta da yarinya tana wasa da ɗan tsana. 'Yan kallo suka yi ta yabon gwanintar ɗan wasan, yadda ya nuna zurfin tunani a kan miyar, da baƙin ciki a kan gawar, da murmushi ga yarinyar. Alhali kuwa fuska ɗaya ce, ba ta sake ba. Ma'anar a tsakanin hotunan biyu take, mai kallo ne yake ƙera ta a kansa, mai tacewa kuma shi ya ba shi kayan aikin.

Wannan makami ne, ya kamata ku san kaifinsa. A 1925 Sergei Eisenstein ya yi fim a kan tawayen da sojojin jirgin ruwan yaƙi Potemkin suka yi a 1905. A ciki akwai fitowar da sojojin sarki suke saukowa a kan matakalar birnin Odesa suna harbin jama'a: takalman soja, fuskar uwa, keken jariri yana gangarawa, a yanka, a dawo, a yanka. An kashe mutane a Odesa a wannan shekara, gaskiya ne, amma kisan kan matakala yadda ya nuna shi, shi ya ƙirƙiro abinsa. Duk da haka mutane da yawa sun ɗauke shi tarihi. Yau da kowa yake da kyamara da abin tacewa a aljihu, ana yin irin wannan kullum. A yanko maganar malami daga wa'azin bara, a manna ta da hoton rikicin jiya, a tura. Wanda ya san gwajin Kuleshov ba ya saurin turawa gaba.

Kada kuma wani ya ce sai da kayan miliyoyi. Ousmane Sembène na ƙasar Senegal marubuci ne, ya ga yawancin mutanensa ba za su karanta littattafansa na Faransanci ba, ya tafi Mosko ya koyi fim. Borom Sarret, wanda ya yi a 1963, wajen minti ashirin ne kawai, labarin yini guda na wani mai amalanke a Dakar, har yau kuma ana koyar da shi. A nan gida Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim a 1976, ƙungiyar Tumbin Giwa kuma ta fito da Turmin Danya a kaset a Kano a 1990. Wayar da ke hannun yawancinku ta fi kyamarar bidiyo ta wancan lokaci fitar da hoto. Abin da ba ta zo da shi ba shi ne rubutaccen labari da jerin ɗaukar da aka zana tun kafin a fita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu koma kan takarda. A nan hoto ba ya motsi, ido ne yake yawo, kuma yakan fara da abin da ya fi girma, ko ya fi duhu, ko ya keɓe shi kaɗai a fili. Ku dubi allon sanarwa na ƙungiyar nan in kun fita. Za ku ga takardar da aka rubuta kome da manyan baƙaƙe, launi biyar, salon rubutu huɗu, hotunan manyan baƙi shida, ranar taron da wurinsa kuwa suna can ƙasa an matse su. Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida. Mai tsarawa ya fara yanke shawara: mene ne abu ɗaya da nake so wanda ya wuce da sauri ya tafi da shi? Wannan shi ne babba. Na biyu ya bi shi, na uku ya ƙanƙanta. Abubuwan da suke da dangantaka a kusanta su, gefen rubutu ya tsaya a kan layi ɗaya, a kuma bar fili. Filin da ba a rubuta kome ba yana aiki, shi ke ba ido wurin hutawa.

Ragewa ita ce mafi wuya. Tutar Nijeriya ɗalibi ne ya zana ta, Taiwo Akinkunmi, yana karatu a Landan, aka zaɓe ta a 1959. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta, shi ya sa yaron firamare yake iya zana tutar da alli biyu. Haka Harry Beck, wanda taswirarsa ta jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan ta fito a 1933. Ya lura fasinjan da ke cikin rami bai damu da ainihin nisan tasha da tasha ba, abin da yake so ya sani shi ne wace tasha ce ta gaba, a ina kuma zai sauya jirgi. Sai ya watsar da ma'aunin nisa, ya miƙe layukan, birane da yawa kuma suka kwaikwaye shi.

Wanda yake ganin wannan duk ado ne, ya saurari abin da ya faru a Amurka a zaɓen 2000. A gundumar Palm Beach ta jihar Florida an tsara takardar ƙuri'a shafi biyu masu fuskantar juna, sunayen 'yan takara dama da hagu, ramukan hudawa a jere a tsakiya. Niyyar mai kyau ce, an so a ƙara girman rubutu saboda tsofaffi. Amma sunan Al Gore shi ne na biyu a hagu, raminsa kuwa na uku ne. Rami na biyu na Pat Buchanan ne, wanda sunansa ke dama. Buchanan ya sami ƙuri'a fiye da 3,000 a gundumar da ba ta tasa ba ce, wasu dubbai kuma suka huda biyu ƙuri'arsu ta lalace. George Bush ya ci jihar da ratar ƙuri'a 537, da ita kuma ya zama shugaban ƙasa. Ma'aikaciyar gwamnati ce ta tsara takardar nan, a ofis irin wanda za ku zauna.

Shafin intanet ya gaji duk waɗannan, ya kuma ƙaro nasa. Tim Berners-Lee ne ya kawo shawararsa a 1989 a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Janiba, ya fito ga jama'a a 1991, a 1993 kuma cibiyar ta sake shi kyauta ga duniya. Abu uku ake gina shafi da su. HTML shi ke faɗin mene ne mene: wannan kanu ne, wannan sakin layi, wannan hoto. CSS, wanda aka tsayar a 1996, shi ke faɗin kamanni, watau launi da girma da wuri. JavaScript kuma shi ke sa shafi ya amsa in an taɓa shi. Mai koyo ya fara da na farkon, ya ƙware, gama shafin da ƙashinsa ya tsaya daidai zai karantu ko da sauran biyun sun ƙi zuwa.

Bambancinsa da fim da takarda shi ne, a nan ba ka san girman tagar ba. Mai fim ya san fasalin allonsa, mai buga littafi ya san faɗin takardarsa. Kai kuwa kana tsarawa a kan babbar kwamfutar ofis, wanda zai karanta yana tsaye a tasha da ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, rana tana dukan allon, layi yana zuwa yana ɗaukewa, data kuma da kuɗin abincinsa ya saye ta. Tun 2010, sa'ad da Ethan Marcotte ya bayyana dabarar shafi mai miƙewa da tsukewa gwargwadon allo, ba wanda yake da uzurin yin shafin da sai an ja shi dama da hagu. A fara tsarawa domin waya, sa'an nan a faɗaɗa. A rage nauyin hotuna kafin a ɗora. Rubutu ya bambanta sosai da bangonsa. Ƙa'idar da aka yarda da ita a duniya ita ce hasken ɗaya ya ninka na ɗayan sau huɗu da rabi ga rubutu na yau da kullum. Kada a dogara da ja da kore kaɗai wajen nuna daidai da kuskure, domin akwai mutane, galibi maza, da ba sa rarrabe su. Kowane hoto a rubuta masa bayani a ɓoye, saboda makaho wanda na'ura take karanta masa shafi.

Ku buɗe shafukan ma'aikatu da yawa ku gani. Abin da zai fara tarbarku hoton mai girma ne, da jawabinsa na maraba, da hotuna masu juyawa suna cin data. Yarinyar da ta zo neman fom ɗin tallafi sai ta yi ta lalube, in ta samu ma takarda ce aka ɗauka a hoto, a karkace, ba ta karantuwa a waya. Gwamnatin Birtaniya ta haɗa hidimominta a shafi guda a 2012, mai suna GOV.UK, kusan ba hoto, baƙin rubutu a farin bango, kowane shafi aiki ɗaya. A 2013 ya ci kyautar zane ta shekara a Landan. Hanyar gane ko naka ya yi kuwa ba ta da tsada. Jakob Nielsen ya nuna cewa gwaji da mutum biyar yakan tono yawancin matsalolin shafi. Ka miƙa wa masinja ko mai shayi wayar, ka ce ya nemo ranar rufe rajista, ka kame bakinka, ka dubi inda yatsansa yake tsayawa.

Saura abu guda wanda ya shafe mu mu kaɗai, watau baƙaƙenmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ wadda 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa inda mu muke sa 'y. Dukansu suna cikin Unicode, tsarin da kwamfutoci suke gane haruffa da shi, amma ba kowane salon rubutu ne aka zana su a ciki ba. In ka zaɓi wanda babu su, ko dai ɗan akwati ya fito a madadin harafin, ko na'ura ta aro shi daga wani salo ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo. Da yawa sukan gudu daga matsalar su zubar da lanƙwasar, sai baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, sanarwar asibiti ta zama kacici-kacici. Noto na kamfanin Google yana da su, haka Andika da Charis, kuma duk kyauta ne. Kafin ka amince da kowane salo, rubuta "ɓarawo ya ɗauke ƙwarya" da ƙananan baƙaƙe da manya, ka duba a waya biyu ko uku.

Shugaba, na ga ana ɗaga mini agogo. Nan zan tsaya, sauran lokacin na masu tambaya ne.